Rariyar Ridin da Yayana Ya Ƙera

Yayana maƙeri ne, kamar mahaifinmu. Ni aka ba da makarantar boko, domin hannuna bai taɓa zama daidai a kan masaba ba. Da na gama, sai na shiga reluwe koyon aikin fita, wato makanikin injuna, a tashar Lafiya, 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya fara ratsa garinmu. A lokacin na riga na yi aure, Yaya kuwa 'ya'yansa huɗu. Gida ɗaya muke zaune, shi a sashen gabas kusa da maƙera, ni a bayan rijiya. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba a gidan, ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba na zama a gabansa sai ya ce in zauna.

A ƙasarmu ana noman ridi sosai. Wahalarsa ba a gona take ba, tana wajen gyara. Idan an kakkaɓe shi a ƙasa yakan kwashi yashi da tsakuwa, masu awo a kanti kuwa da sun tura hannu cikin buhu sun ji ƙasa sai su ce a koma da shi. Mata kan yi kwanaki suna sheƙewa a faifai, suna tankaɗe, har bayansu ya ƙage. Matar Yaya tana cikinsu. Wata kaka ya zauna yana kallonta tana wannan aiki da tsohon ciki. Washegari ya nemo tsofaffin garewanin kananzir ya fara yankawa.

Ya yi wata uku yana fama. Abin da ya fito da shi wata doguwar ganga ce ta kwano, kwance a kan ƙafafun itace, kanta ya ɗan fi gindinta tudu. Rabin farko ya huda shi da ƙananan ramuka waɗanda yashi ke zuba ta cikinsu amma ridi ba ya bi. Rabi na biyu ramukan sun fi girma, ta nan ridin ke zubowa cikin masaki. Tsakuwa da ƙaiƙayi su wuce su faɗi ta ƙarshe. Akwai mariƙi da ake juyawa. Ramukan nan da ƙusa ya huda su ɗaya bayan ɗaya, kuma sau huɗu yana jefar da kwanon ya sake, don girman ramin bai yi masa ba. Ranar da ta yi aiki, matarsa ta gyara buhu guda kafin la'asar, ta zauna tana dariya tana share hawaye.

Mutane suka sa mata suna rariyar juyi. Kafin kaka ta biyu Yaya ya ƙera biyar. Ya sayar da uku, ya ba surukinsa ɗaya, ɗaya kuma ya ba da aronta ga wasu mata manoma a Agyaragu, ƙarƙashin wata dattijuwa da ta daɗe tana sayen lauje a wurinsa. Amininsa, wani maƙeri da ke zaune wajen Bukan Sidi, wanda suka koyi ƙira tare a gaban mahaifinmu, kusan kullum yana maƙerarmu. Shi ya ba da shawarar a karkata gangar. Yaya bai taɓa ɓoye masa komai ba.

A tasha, wanda nake koyon aiki a ƙarƙashinsa wani tsohon fita ne, mutumin Ikko, muna ce masa Baba. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa, amma ya san ƙarfe, ya kuma san takarda. Wata rana muna kwance famfon da ke ɗora ruwa a tankin jirgi, na ga wani ɗan faranti na tagulla manne a jikinsa, da wata kalma ta Turanci da lamba. Na sha ganin irinta a jikin sifana da fitila, ban taɓa tambaya ba. Ranar na tambaya.

Baba ya goge hannunsa ya ce, "Wannan shi ne faten. Mutum ya yi sabon abu da kansa, ya rubuta yadda ya yi shi, ya zana, ya kai wa gwamnati. Gwamnati ya ba shi takarda. Daga nan ba wanda zai ƙera irin shi ko ya sayar sai da izinin shi, har wasu shekaru. In shekarun ya cika, abin ya zama na kowa."

Na ce, "To me gwamnati ta samu, Baba?"

Ya ce, "Asirin. Ciniki ne, ɗana. Kai ka ba duniya asirin ka duka, yadda wani maƙeri zai karanta ya yi irin shi. Duniya ya ba ka shekaru."

Kwana uku muna wannan magana a lokacin hutun rana, ƙarƙashin inuwar tankin. Ya koya mini cewa ba a ba da takardar don tunani kawai, sai abin da za a iya ƙerawa ya yi aiki. Ya ce bayan bayani da zane, mai ƙirƙira yakan jera a ƙarshe ainihin abin da yake cewa nasa ne, kamar yadda manomi ke zagaya iyakar gonarsa. Ya ce abu ya zama sabo, kuma mai hankali yakan rufe bakinsa har sai ya shigar da takardarsa. Ban gaya masa dalilin tambayoyina ba. Ina so sai na gama komai in ba shi mamaki. A rana ta huɗu aka aiko ya tafi riƙon wata tasha a kudu, aka ce zai yi watanni.

Da wannan ilimi na kwana uku na koma gida na sami Yaya.

Yana zaune a bakin wuta yana gyaran gatari. Na tsuguna na gaishe shi, na ce ina da magana. Da na ambaci kalmar sai ya ajiye awartaki ya yi dariya.

"Faten me? Na doya ko na wake?"

Na yi masa bayani. Dariyar ta ragu a hankali. Na ce masa za a rubuta sunansa a littafin gwamnati, za a buga lamba a jikin rariyarsa kamar ta famfon jirgi, kuma ko bayan ransa za a san shi ya fara yin ta. Na lura maganar hana wasu ƙerawa ba ta dame shi ba. Maganar sunan ce ta shige shi. Yaya bai yi boko ba, kuma duk da bai taɓa faɗi ba, na san yana ganin ni aka ba abin da ake tunawa da mutum.

Ya ce, "Ƙanena, ka tabbata? Maƙeri irina?"

Na ce, "Na tabbata, Yaya. Doka ce, ba ta duba ko wane ne. Amma da sharaɗi. Daga yau kada kowa ya sake ganinta. Kada ka ƙera wa kowa, kada ka nuna wa kowa, har takarda ta fito."

Ya ce, "Kai ka yi karatu. Yadda ka ce haka za a yi."

Ban tsaya na tambayi kaina ba, waɗanda ke hannun mutane fa? Na ɗauka idan an rufe daga yanzu ya wadatar.

Muka shigar da sabuwar da yake ƙerawa cikin ɗakin gawayi, aka sa kwaɗo. Ranakun da ba ni da aiki nakan shiga da rula da fensir in auna in zana, shi yana tsaye a kaina yana gyara mini. "Ba haka ba ne, ramukan layi na biyu ba sa fuskantar na farko, a tsakaninsu suke faɗawa." Wata biyu muka yi. Waɗannan su ne ranakun da na fi kusa da shi a duk rayuwata. Na rubuta wasiƙa da Turancin da nake da shi zuwa ofishin rajista a Ikko, ina tambayar yadda za a shigar, na jefa a gidan waya.

Kaka ta zo. Mutane suka fara sallama a ƙofar maƙera suna neman rariyar juyi, Yaya yana ce musu ya daina. Bai iya ƙarya ba, sai ya sunkuyar da kai yana faɗi. Na matsa masa ya aika Agyaragu a karɓo wadda ya ba da aro, aka karɓo. Bayan kwana biyu dattijuwar ta tako da ƙafarta tun daga can. Ina gida ranar. Ta ƙi zama a tabarmar da aka shimfiɗa mata.

Ta ce da Hausarta ta mutanen Agyaragu, "Maƙeri, mun yi laifi ne? In mun fasa wani abu ka faɗa mu gyara. Ridi yana ƙasa, mata na yana jira."

Yaya ya ce, "Ba ku yi komai ba, Inna. Magana ce ta gwamnati."

"Gwamnati ya hana a tankaɗe ridi?"

Ya juyo ya dube ni, don in yi bayani. Na fara, na ce doka, na ce takarda. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce wa Yaya, ba ni ba, "Shekara nawa ina sayen lauje a nan." Ta ɗaura zanenta ta fita. Matar Yaya ta bi ta da ƙwaryar ruwa, ba ta karɓa ba.

Na aminin Yaya ya fi wannan ciwo. Ya zo kamar yadda ya saba, ya nufi ɗakin gawayi don ya ga inda aka kwana a aikin, ya tarar da kwaɗo. Ya yi dariya ya ce a ba shi makulli. Yaya ya ce, "Ka bari tukuna." Ya tambayi dalili. Ni na amsa, na ce doka ta ce ko maƙeri ɗaya ya gani ya kwaikwaya, an rasa. Kalmar kwaikwaya ce ta fita daga bakina, kuma na ga lokacin da ta same shi.

Ya ce wa Yaya, "Ni ne zan kwaikwaye ka? Wa ya ce maka ka karkata ta?"

Yaya ya ce, "Kai ne."

"To Allah ya ba da sa'a."

Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Bai sake taka gidanmu ba. Cikin wata guda ya fara ƙera tasa a Bukan Sidi, don ya san ta ciki da waje, mutane suka koma can. Da labarin ya zo na harzuƙa, na ce da zarar takarda ta fito za a hana shi. Yaya ya ce, "Ba na son a hana shi komai." Ya ci gaba da zuga wutarsa.

Amsar wasiƙata ta iso bayan an gama kaka. Gajera ce, an buga ta da keken rubutu, babu wulakanci a ciki. Ta ce ofishinsu ba ya ba da sabuwar takarda ga kowa. Aikinsu shi ne yin rajistar wadda aka riga aka bayar a Ingila. Duk mai so sai ya fara nema a can, in an ba shi ya kawo su rubuta.

Na karanta ta a bayan tasha sau uku. Na ninke na sa a aljihu. Da na koma gida Yaya ya tambaye ni, kamar yadda yake tambaya duk ranar da jirgin wasiƙu ya zo, "An amsa?" Na ce, "Ba a amsa ba tukuna." Mako shida ina ba shi wannan amsa. Ina gaya wa kaina cewa idan Baba ya dawo zai san hanyar Ingila.

Baba ya dawo. Na ba shi wasiƙar, na shimfiɗa masa zanen, na ba shi labari tun daga farko. Ya daɗe yana duba zanen, ya ce aikin mai basira ne. Sannan ya tambaye ni, "Ya taɓa sayar da shi?"

Na ce, "Uku. Tun bara."

Ya cire tabaransa. "Ɗana, me ya sa ba ka faɗa mini ba tun ran nan? Ko Ingila ya ba ku takarda, abin da an riga an yi, an sayar, an yi aiki da shi a ƙasar nan, ba za ka hana kowa ba. Rufe baki kafin ne. Bayan an sayar, rufe baki ba shi da amfani."

Bai tsaya nan ba. Ya buɗe akwatinsa ya ciro wani littafi mai kauri na hotunan kayan injuna, irin wanda kamfanoni ke aikowa. Ya yi ta buɗawa har ya tsaya a wani shafi, ya juyo mini da shi. Ganga ce mai ramuka, a karkace, da mariƙi, an yi ta don gyaran alkama. Ya ce tun kafin a haife ni ake amfani da irinta a can.

Na ce, "Amma Yaya bai taɓa ganin wannan ba. Wallahi daga kansa ya fito da ita."

Ya ce, "Na yarda. Doka ba ya tambaya ko ka gani. Yana tambaya ko akwai."

Na roƙe shi aron littafin. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sami Yaya shi kaɗai a maƙera, babu wuta. Na tsuguna na faɗa masa duka, har da makonni shida da na yi ina masa ƙarya. Ban ɗaga kai ba sai da na gama. Ya miƙo hannu, na ba shi littafin a buɗe.

Ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake. Ya bi hoton da yatsansa, daga mazubi har ƙarshe.

"Wanda ya yi wannan, maƙeri ne?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Ya sa mata murfi a sama don ƙura. Ban yi tunanin wannan ba." Ya ƙara dubawa. "Shi ma sai da ya karkata ta."

Ya rufe littafin ya goge bangon da hannun rigarsa, ya miƙo mini. Na jira ya yi faɗa. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe da ban karɓo ta matan Agyaragu ba." Sannan ya ce in mayar wa mai littafi littafinsa, in yi masa godiya.

Washegari ya sa aka ɗauki rariyar aka mayar Agyaragu, shi ma ya bi. Dattijuwar ta karɓe shi da mutunci, ta ba shi ruwa, ta ce sun riga sun haɗu sun sayi ta Bukan Sidi, ya kai wa waɗanda ba su da ita. Daga can ya wuce gidan amininsa. Na so in raka shi, don ni na yi ɓarnar, ya ce in zauna. Matar Yaya ce ta gaya mini yadda aka yi. An shimfiɗa masa tabarma a zaure kamar baƙo, an gaisa, an yi maganar ruwan bana. Yaya ya nemi gafara, aka ce ba komai, ya wuce. Ba a ce ya shigo maƙera ba. Suka ci gaba da gaisawa a masallaci da wajen jana'iza, iyakarta ke nan. Ni ma daga baya na je da kaina. Ya saurare ni, ya ce, "Kai yaro ne, ba da kai nake ba. Shi ya san ni tun ba mu yi kaciya ba."

Yaya bai sake ƙera rariya ba. Bai sake ƙera wani sabon abu ba ma. Da can ba ya ganin tsohon ƙarfe ya wuce bai juya shi ya ce za a iya yin kaza da shi ba. Wannan ya daina. Fartanya, garma, lauje, gatari, su ya yi ta yi, masu kyau kamar kullum. Na taɓa kawo masa wata tsohuwar sarƙar keke daga tasha, na ce ko za ta yi amfani. Ya yi godiya ya rataye ta a ƙusa.

Bayan shekara biyu aka ba ni cikakken fita, aka mayar da ni wata tasha mai nisa a arewa. A can na nemi littattafai na karanta dokar tun daga farkonta, a hankali, ina tambayar waɗanda suka sani. Ba ta da wuyar da za ta gagari mutum. Abin da ya kamata in sani kafin in buɗe baki a gaban Yaya bai wuce a koye shi cikin mako guda ba. Duk mai koyon aikin da ya zo hannuna ya nuna mini wata dabara tasa, nakan zaunar da shi in yi masa bayani har ƙarshe, kuma ba na barinsa ya tashi a tsakiya.

Zuwana gida na ƙarshe yana raye, da damina ne. Ya rame, tari ya kama shi, babban ɗansa ne ke yawancin aikin. Muka zauna a zaure ruwa yana zuba. Ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko a can ma ana cin doya. Na tattara ƙarfina na ce, "Yaya, maganar nan ta shekarun baya, har yau ban daina..."

Ya ɗaga hannu. "Ka so ni da alheri ne. Ni ma da hankalina na yarda. Bar ta."

Na bar ta. Ranar komawata ya dage sai ya raka ni tasha, yana tsayawa a hanya yana hutawa. Ya sa an ɗaure mini doya da ɗan buhun shinkafa. Da jirgi ya tashi na leƙo ta taga, na gan shi ya nemi benci ya zauna, yana jiran numfashinsa ya dawo kafin ya kama hanyar gida.

Wayar rasuwarsa ta same ni wata huɗu bayan haka. Jirgin da ya kawo ni ya iso Lafiya kwana biyu da binne shi. Na zauna a zauren nan na karɓi gaisuwa har aka yi sadakar bakwai, na raba 'ya'yansa ƙanana biyu da uwarsu da yardarta, na tafi da su don su yi karatu a wurina.